Malam Aminu Kano, Malamin Malamai

 

Da aka ce in rubuta tarihin wani daga cikin magabata don shafukan Hausa na wannan fitowa, sai na zaɓi Malam Aminu Kano. Na san wasu iyaye za su ce ai wannan sananne ne, me ya rage a faɗa a kansa? Da yawanmu daga filin jirgin sama mai sunansa muka tashi kafin mu sauka Guangzhou, wasu kuma an yi jinyar 'yan uwansu a asibitin koyarwa na Kano da ake kira da sunansa. Idan ka tambayi mutum wane ne Malam Aminu, zai ce maka ɗan siyasa ne, jagoran NEPU da PRP, gatan talakawa. Duk gaskiya ne. Sai dai kafin ya fara hawa duro yana lacca, ya yi kimanin shekara takwas a aikin koyarwa, har ya kai ga koyar da waɗanda za su zama malamai, kuma shi ne ya ja gaba wajen kafa ƙungiyar farko da ta tsaya wa haƙƙin malaman makaranta a Arewacin Nijeriya. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba a cika ba da labarinsa ba, ga shi kuwa shi ne ya fi shafar makaranta irin tamu.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan ilimi ne, na Fulanin Gyanawa, waɗanda aka sani da fitar da alƙalai da masana fiƙihu. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, mace ce mai karatu, kuma a gabanta ya fara riƙe allo. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi ranta yana ƙaramin yaro, amma harsashin da ta aza bai rushe ba. Ina so iyaye mata da ke karanta wannan shafi su lura da wannan. Mutumin da daga baya ya yi ta faɗa a kan sai an ilmantar da mata, ba a littafin Bature ya fara ganin mace mai ilimi ba, a ɗakin uwarsa ya gan ta.

Sai da ya kai shekara goma, a 1930, aka sa shi elementare ta Shahuci, bayan ya yi nisa a karatun allo. A lokacin ba kowane gidan malamai ke yarda ɗansu ya shiga boko ba. Daga Shahuci ya wuce Midil ta Kano, daga nan ya samu shiga babbar kwalejin da Turawa suka buɗe a Katsina a farkon shekarun 1920, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya kuma aka kai ta Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ya kamata ɗalibai su san dalilin kafa wannan kwaleji tun farko: don a horar da malaman makaranta aka gina ta. Shi ya sa idan ka duba shugabannin Arewa na farko za ka tarar kusan dukansu da alli suka fara. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauchi, Shehu Shagari ma malamin makaranta ne shekara da shekaru.

A Kaduna aka fara gane halin Aminu. Yana rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, shi da abokansa su nuna, suna ba'a ga zaluncin ma'aikatan En'e da cutar da ake yi wa baƙauye a kasuwa. Mutane su yi dariya, su tashi da abin tunani. Masu rubuta tarihinsa sun ce da farko hankalinsa ya fi karkata ga aikin shari'a irin na gidansu, koyarwa daga baya ta zo masa. Ya gama a 1942, aka tura shi Midil ta Bauchi.

A Bauchi ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riƙe hedimastan makarantar, da Yahaya Gusau. Sabon malamin bai yi kama da malaman da yara suka saba da su ba. A zamanin malami abin tsoro ne, yaro ba ya ɗaga ido ya dube shi balle ya tambaye shi dalili. Malam Aminu kuwa ya shigo da wasan kwaikwayo da muhawara, ya riƙe 'yan sikawut, ya bar ƙofar gidansa a buɗe ga ɗalibai. Yana so yaro ya yi tambaya. Wannan abu ne mai sauƙin faɗa, mai wuyar yi, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya sani. Ajin da yara ke tsoro shiru yake, malami ya sha iska. Ajin da yara ke tambaya kuwa sai malami ya yi bita tun da dare, domin bai san ta inda za a ɓullo masa ba.

A garin ne kuma ya ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, ɗan malaman Bauchi, masanin Larabci da fiƙihu, wanda kuma ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba a Legas. Zungur ya girme shi da 'yan shekaru, kuma ya yi tasiri ƙwarai a tunaninsa. A wurinsa Aminu ya ƙara tabbatar da cewa ba sai ya aro hujja daga Turai ba kafin ya soki zalunci, rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun ishe shi. Wajen 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke haɗuwa su yi muhawara, Malam Aminu ne sakatare. Zauren bai yi tsawon rai ba. Cikin abubuwan da ake ba da labarin sun jawo rufe shi har da wata tambaya da Malam ya yi wa Baturen mulki a bainar jama'a, a kan ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Mutumin da ke iya tambayar yadda ake yanka albashin sarki, ba zai daɗe ba zai tambayi yadda ake yanka na malamin elementare.

Malamin elementare a Arewa ta wancan lokaci ma'aikacin En'e ne. Albashinsa, ƙarin girmansa, da garin da za a kai shi, duk suna hannun hukumar gargajiya da jami'in ilimi Bature. In ya yi wa wani babba kallon da bai yi masa daɗi ba, sai ya wayi gari an cilla shi ƙauyen da ba mota, ba kuma inda zai kai kuka. Takwarorinsa na Kudu suna da ƙungiyarsu tun 1931, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Ransome-Kuti na Abekuta, suna zama da gwamnati a yi ciniki a kan albashi. A Arewa babu ko ɗaya. Kowane malami shi kaɗai yake haɗiye tasa.

A 1946 aka ba Malam Aminu gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a Cibiyar Nazarin Koyarwa ta Jami'ar Landan. Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa da shekara ɗaya. Cibiyar tana da sashe na musamman don malamai daga ƙasashen da Ingila ke mulka, wata masaniya mai suna Margaret Read ke shugabantarsa. A nan ya karanci koyarwa a matsayin fanni mai zaman kansa: yadda hankalin yaro ke girma, yadda ake tsara darasi daga sauƙi zuwa wuya, yadda ake gane ko yaro ya fahimta ko haddacewa kawai ya yi. Ya shiga makarantun Ingila ya ga yadda ake yi da idonsa.

Ni a ganina abin da ya gani a wajen aji ya kai wanda ya koya a ciki. Ingilar da ya tarar ta fito daga yaƙin duniya na biyu a jigace, ana raba abinci da kati, ga sanyin farkon 1947 da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Duk da haka ƙasar tana ta faɗaɗa makarantu. A watan Afrilu na shekarar aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa goma sha biyar, kuma saboda ƙarancin malamai aka buɗe kwalejoji na gaggawa ana mayar da tsofaffin sojoji malamai cikin kimanin shekara guda. Malaman ƙasar suna da ƙungiya tun 1870, kuma tun 1919 akwai kwamitin da wakilan malamai da na hukuma ke zama su tsayar da ma'aunin albashi ɗaya. Wato Turawan da suka bar malamin Bauchi ba shi da bakin magana, a gidansu malami da hukuma kujera ɗaya suke zama a yi lissafi. Ya haɗu da 'yan jam'iyyar Leba da ke mulki a lokacin, da ɗaliban Afirka da na Indiya masu neman 'yanci, ya je Faransa babban taron 'yan sikawut na duniya a 1947. A cikin watan Agustan shekarar Indiya da Pakistan suka samu mulkin kai.

Tun suna Landan shi da sauran malaman Arewa suka fara shawarar haɗa kai. A 1948 maganar ta tabbata, aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, Malam Aminu ne babban sakatarenta. Ita ce ƙungiyar ma'aikata ta farko da 'yan Arewa suka kafa wa kansu a faɗin yankin. Buƙatunta ba na a ƙona gari ba ne. A gyara albashi a rage tazarar da ke tsakanin malamin Arewa da na Kudu, a tsara ƙarin girma a kan ƙa'ida, a kula da jin daɗin malamai, a gyara manhaja. Abin lura a nan shi ne manhaja da albashi a takarda ɗaya suka zo. Waɗannan mutane ba su raba kyautata koyarwa da kyautata rayuwar mai koyarwa ba, domin sun san malamin da ya bar gida ba cefane jikinsa ne kawai ke cikin aji. Ƙungiyar ta yaɗu lardi-lardi da sauri, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koyi shirya taro da rubuta takardar koke a cikinta su ne suka riƙe jam'iyyun siyasa bayan 'yan shekaru.

Na sha jin wasu suna cewa wannan maganar boko ce, malamin addini ai don Allah yake yi, ladansa na lahira. Lada kam yana wurin Allah, ba mai ja. Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar maganar a nan ba. Imamu Malik ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, Adabul Mu'allimin. A ciki ya yi bayanin abin da ya wajaba a kan malami, kamar yin adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da iyakance duka, da rashin barin aji don wata hidima tasa, ya kuma yi bayanin haƙƙinsa a kan iyaye, har da abin da ake ba shi idan yaro ya sauke. Fiye da shekara dubu kenan. A ƙasar Hausa ma kuɗin Laraba da sadakar sauka da hatsin da ake kai wa malam da kaka duk daga wannan tushe suke. Abin da Malam Aminu da abokansa suka yi shi ne suka ɗauko tsohon haƙƙi suka nema masa tsari a zamanin albashi.

Bayan ya dawo gida hukuma ta rasa yadda za ta yi da shi. Ga ilimi, ga ƙwazo, ga baki. Aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wadda yanzu take cikin jihar Zamfara, a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Har gobe akwai kwalejin ilimi a garin. Mai yiwuwa waɗanda suka tura shi sun ɗauka nisa da birni zai kwantar da shi. Sai ga shi sun danƙa masa abin da ya fi aji ɗaya tasiri, domin kowane saurayi da ya horar zai je ya riƙe nasa ajin shekara ashirin ko talatin.

Bari in yi wa ɗalibai bayanin yadda irin wannan kwaleji ke aiki, don na lura da yawa suna zaton duk wanda ya san abu ya iya koyar da shi. Ana ɗauko saurayi da ya gama karatunsa, a ƙara masa sanin darussan da zai koyar, sannan a koya masa sana'ar kanta. Kafin ya shiga aji sai ya rubuta shirin darasi: me yara suka riga suka sani, me nake so su sani kafin a kaɗa ƙararrawa, da wane misali zan fara, wace tambaya zan yi in gane sun gane. Kusa da kwalejin akwai makarantar yara ta gwaji. Sai ya tsaya gaban yara na gaske ya koyar, malaminsa na zaune a bayan aji da takarda yana rubuta abin da ya gani. Bayan an tashi a zauna a yi masa gyara. Ka juya wa yara baya kana magana da allo. Yara uku na gaba kaɗai ka yi ta tambaya. Ka yi tambaya ka amsa wa kanka kafin yaro ya buɗe baki. Rubutunka ba ya karantuwa daga layin ƙarshe. Gobe ya sake shiga, a sake gyara masa. Kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira ne, a gaban gwani, da hannu. Aikin da Malam Aminu ya yi a Maru kenan.

A Maru ya zauna tare da wani matashin malamin Larabci, Abubakar Mahmud Gumi, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. A wannan lokaci ne kuma hankalin Malam ya koma kan makarantun allo. Shi ɗan allo ne, bai raina ta ba, ya san abin da ta ba shi. Abin da ya dame shi shi ne yaro ya shekara bakwai ko goma yana karatu, ya iya tilawa, amma a ba shi jimla ɗaya ta Larabci ya kasa faɗin ma'anarta, kuma bai iya lissafin da zai hana a cuce shi a kasuwa ba. Ya ga dabarun da yake koya wa malaman elementare babu abin da ya hana a yi amfani da su wajen koyar da Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci: a raba yara aji-aji gwargwadon matsayinsu, a yi jadawali, a yi amfani da babban allo, a koyar da ma'ana tare da hadda, a shirya malamin kansa. Ya yi ƙoƙarin kafa ƙungiya don wannan gyara. Manyan ƙasa ba su yi na'am ba, zamansa da hukumar En'e ta Sakkwato ma bai yi daɗi ba.

A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ma'aikacin gwamnati ba shi da izinin shiga siyasa a fili, don haka a watan Nuwamba na shekarar Malam Aminu ya ajiye aiki yana da shekara talatin, ya kuma buga dalilansa a jarida. A lokacin mutum mai irin takardunsa a Arewa ana ƙirga su da yatsu, da ya yi shiru da manyan kujeru na jiran sa.

Barin aikin gwamnati bai raba shi da koyarwa ba. Da ya koma Kano, a farkon shekarun 1950, sai ya buɗe makaranta a unguwarsu a kan tsarin da ya yi ta kira a bi, yara maza da mata, ana koyar da addini da Larabci a aji, da jadawali. Tana cikin makarantun Islamiyya na farko-farko a ƙasar Hausa, magoya bayansa kuma suka buɗe irinta a wasu garuruwa. Sun sha wuya. Saboda an ɗauke su makarantun 'yan adawa, an tsangwame su, wasu an rufe su. Amma dabarar ta riga ta fita, har waɗanda suka yaƙe ta suka dawo suna gina irinta. Yau babu unguwar da za ka shiga a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ka ji muryar 'yan Islamiyya da yamma ba. Ɗalibin da ke zaune a kan benci a makarantarmu, da littafin Larabci a gabansa, malama na rubutu a allo, ya sani wannan zama da yake yi akwai waɗanda suka sha jifa a kansa. A gidansa kuma Malam ya riƙa tara matan aure ana koya musu karatu da rubutu da sana'ar hannu, ga tafsirin da ya riƙa yi da azumi, wanda a cikinsa ma halin malamin aji bai ɓuya ba, yakan kawo misali daga kasuwa da gona har mai sauraro ya ga ayar a cikin rayuwarsa.

To, mu nan fa? Yawancin iyayen yaranmu a kasuwannin Sanyuanli suke wuni, tsakanin shagunan tufafi da takalma da jakunkuna da ofisoshin masu aika kaya. Wanda zai sayi kwantena guda ba ya yarda sai ya ga samfuri, ya juya ɗinkin, ya ja zif ɗin, ya tambayi masana'anta. Amma idan maganar malamin yara ta zo sai mu ce a samo duk wanda ya sauke, ya ɗan riƙe su. Malamanmu mutanen kirki ne masu karatu, wasu mahaddata, sai dai kaɗan ne a cikinsu aka taɓa zaunar da su aka nuna musu yadda ake tsara darasi. Ga shi ajin da muka ba su ya fi na Maru wuya. Yaro ɗaya Hausa ce a bakinsa, na kusa da shi Sinanci ya fi ji, wani Faransanci ko Turanci, dukansu kuma Larabci ake so su koya cikin 'yan sa'o'i a mako. Wannan aji gwani yake buƙata.

Sannan ga rayuwar malamin. Shi ma haya yake biya a garin nan, shi ma yana da takardun zama da zai sabunta, yana da iyali a gida da ke jiran aike. Na ga malami mai hazaƙa, wanda yara ke so, ya bar koyarwa ya koma raka baƙi kasuwa yana yi musu tafinta, don abin da zai samu a wuni biyu ya fi abin da muke haɗa masa a wata, shi ma sai an yi ta bin iyaye. Ban ga laifinsa ba. Yaran da ya bari sai da suka koma farkon littafi da sabon malami, shekara guda ta tafi a banza. Uban da ya jinkirta kuɗin makaranta wata uku yana ganin bashi ne ƙarami, alhali abin da ya jinkirta shi ne hayar ɗakin wani. Abu biyu nake roƙon kwamitin iyaye ya duba a zamansa na gaba: a tsayar da ranar biyan malamai da ba ta motsi, ko da sai an yi asusu na musamman, kuma a ware wani lokaci duk wata da malamai za su zauna su kalli darasin juna su yi wa juna gyara, yadda ake yi a makarantar gwaji. Na biyun ko kuɗi ba ya ci.

Masu masaukinmu ma sun san wannan magana. A ƙasar Sin an yi wani malami, Tao Xingzhi, wanda ya yi karatu a Amurka ya dawo ya ƙi zaman ofis, ya je wani ƙauye kusa da Nanjing a 1927 ya buɗe makarantar horar da malaman karkara, shi da ɗalibansa suna noma suna karatu. Ya rasu a 1946, shekarar da Malam Aminu ya tafi Landan. Yaranmu da ke zuwa makarantun gari sun san ranar 10 ga Satumba ranar malamai ce a ƙasar nan, suna ganin yadda abokansu ke kai wa malamai furanni. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 5 ga Oktoba, don tunawa da wata takardar shawarwari ta 1966 a kan matsayin malamai, wadda ta haɗa horo da albashi da yanayin aiki wuri ɗaya. Malaman Arewa sun riga ta da shekara goma sha takwas.

Sauran tarihin Malam iyaye sun fi ni sani, zan bi ta kai da sauri. Ya zama shugaban NEPU a 1953. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, cikinsu har da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba. Ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959. A mulkin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sannan ta lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya kafa PRP a 1978, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyarsa ta ci gwamnonin Kano da Kaduna. Ya yi ta kira a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a tun ana yi masa dariya, har ya ga an ba su a ƙarshen shekarun 1970. Cikin duk waɗannan muƙamai bai karɓi sarauta ba, bai sauya laƙabi ba. A Kano idan aka ce Malam kawai ba a ƙara komai ba, kowa ya san wa ake nufi, sunan aikinsa na farko ne ya bi shi har ƙarshe.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara sittin da biyu, ana saura 'yan watanni a yi zaɓen da yake takara a ciki. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. An binne shi a gidansa na Gwammaja, gidan da ake kira Mambayya, wanda yanzu yake hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazari da horaswa. Duk ɗalibin da iyayensa suka kai shi Kano hutu, ya roƙa a kai shi ya ga ɗakunan da Malam ya zauna.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.